Mashin Lonjinus da Masu Wasan Tebur

Na san wasu za su dubi kan wannan maƙala su ce, me ya haɗa kifi da kaska? Mashin da zan yi magana a kansa abin tabarruki ne mai girma a wurin Kirista, ga shi kuma na jingina shi da wasa. To a yi haƙuri a bi ni sannu. Ba ni na haɗa su ba, Turawa ne da Japanawa suka haɗa. Abin da ya dame ni shi ne yadda suka yi haɗin, domin ina cikin masu yin irin wannan wasa, kuma a ganina yawancinsu sun riƙe ɓawo sun zubar da ƙwaya.

Asalin labarin gajere ne ƙwarai. A cikin Linjilar Yohanna, sura ta 19, an faɗi cewa bayan gicciyewa wani sojan Rum ya soki kuiɓin Yesu da mashi, jini da ruwa suka fito. Shi ke nan. Ba a faɗi sunan sojan ba, ba a kuma faɗi inda mashin ya tafi ba. Mu Musulmi mun san abin da Alƙur'ani ya ce a Suratun Nisa'i, cewa ba a kashe Annabi Isa ba, ba a kuma gicciye shi ba, saboda haka ina kawo labarin ne yadda masu shi suke ba da shi, da ladabin da ya kamata a yi wa abin da maƙwabci yake girmamawa.

Amma ɗan Adam ba ya son labari mai giɓi. Bayan wasu ɗaruruwan shekaru sai wani littafi da ba ya cikin Linjila huɗu, wanda ake jingina wa Nikodimu, ya raɗa wa sojan suna Lonjinus. Masana da yawa suna ganin an samo sunan ne daga kalmar Girkanci mai nufin mashi, watau kamar a ce da Hausa sunan mai mashin Ɗanmashi. A wani zane da aka yi cikin littafin Linjila na harshen Suryani a shekarar 586, ga sojan nan da sunansa rubuce a bisa kansa. Kafin ƙarni na 13 labari ya yi ƙiba: an ce idonsa ba ya gani sosai, jinin ya gangaro ta jikin mashin ya taɓa idon ya warke, ya tuba, ya bar soja, daga baya aka kashe shi saboda addini. Yau waliyyi ne a wurin Katolika, kuma mutum-mutuminsa da Barnini ya sassaƙa yana tsaye cikin majami'ar Bitrus a birnin Rum.

Mashin fa? Nan ne gizo yake saƙa. Akwai ɗaya a Rum, akwai ɗaya a Biyana ta Ostiriya, akwai ɗaya a Ecmiyazin ta ƙasar Armeniya, akwai kuma na Karakau ta Folan, ko da yake shi wannan kowa ya san kwaikwayon na Biyana ne da aka ƙera kusan shekara ta 1000. Na Rum ɗin, wani abin mamaki, sarkin Musulmi ne ya aika da shi. Sarki Bayazid na Biyu na daular Usmaniyya ya gaje shi cikin taskar Santambul, ya ba Fafaroma Inosan na Takwas kyauta a shekarar 1492. Ba don ƙauna ba ne. Ƙanensa Jam, wanda ya yi jayayyar gadon sarauta da shi, yana tsare a hannun Fafaroma, shi kuwa Bayazid so yake a ci gaba da riƙe masa shi. Tun a lokacin wasu manyan majami'a sun yi shakkar mashin, don sun san ana nuna wani a wasu biranen. Har yau majami'ar Katolika ba ta yanke hukunci ta ce wannan ne na ainihi ba.

Na Biyana shi ne ya fi suna. Kan mashi ne mai tsawon kamar santimita 50, ya karye a tsakiya an ɗaure shi, an kafa wani ɗan ƙarfe a cikinsa wanda aka ce ƙusa ce daga gicciye, an naɗe shi da azurfa, daga baya Sarki Sharl na Huɗu ya ƙara masa rigar zinariya a ƙarni na 14. Yana cikin kayan sarautar sarakunan Jamus na da, kuma an rubuta cewa Sarki Oto na Ɗaya ya fita da shi yaƙin Leshfal a 955, inda ya karya Majariyawa. Mu da muka san matsayin takobin Bayajida a Daura ba sai an yi mana dogon bayani ba game da yadda ƙarfe yake zama hujjar sarauta. Sai dai masu binciken ƙarfe na zamaninmu sun auna shi, sun ce ƙirar ƙarni na 7 ko na 8 ce. An ƙera shi ke nan bayan zamanin Annabi Isa da shekara ɗari shida ko fiye.

Duk cikin labaran mashin, wanda ya fi kama mini rai shi ne na Antakiya, kuma a kansa zan daɗe.

A yaƙin Salibiyya na farko, rundunar Turawa ta kewaye Antakiya tun Oktoba 1097, ba ta shiga ba sai ranar 3 ga Yuni 1098, shi ma da cin amanar wani mai tsaron hasumiya. Suka yi kisa a garin ba sani ba sabo, har da Kiristocin da suka ce sun zo ceto. Kwana kaɗan bayan haka sai ga Karbuƙa, mai mulkin Mausil, da runduna mai yawa. Mai kewaye ya zama abin kewayewa. Abinci ya ƙare, aka koma cin dawakai da dafa fata, wasu jarumawa suka riƙa sulalewa ta kan ganuwa da igiya cikin dare. Ana cikin wannan hali sai wani talaka daga kudancin Faransa, Bitrus Bartalamawus, ya zo ya ce waliyyi Andarawus ya sha zuwa masa a mafarki, ya nuna masa cewa mashin nan yana binne a ƙarƙashin babbar majami'ar garin. Ranar 14 ga Yuni aka sa mutum goma sha biyu haƙa. Suka wuni ba su ga kome ba. Da yamma ta yi, an fara fid da rai, sai Bitrus ɗin da kansa ya tuɓe takalmi ya dira cikin ramin, jim kaɗan ya fito da guntun ƙarfe.

Ka ga inda zancen yake da ƙura. Shugaban addini na rundunar, Bishop Adimar, bai gaskata ba, kuma yana da dalili, domin a lokacin an san akwai wani mashin a Santambul, garin da suka biyo ta cikinsa. Amma bai fito ya ƙaryata a bainar jama'a ba, don ya ga mayunwatan da jiya suke neman hanyar gudu yau suna kuka suna waƙa. Ranar 28 ga Yuni suka buɗe ƙofa suka fita da mashin a tsakiyarsu, rundunar Karbuƙa ta watse. Ibnul Asir, a littafinsa Alkamil, ya kawo labarin daga ɗaya ɓangaren. Ya ce wani malaminsu mai wayo ne ya binne mashin da hannunsa ya share sawu. Game da karyewar Musulmi kuwa, bai ɗora wa mashi ba, ya ɗora wa Karbuƙa, wanda ya wulaƙanta sarakunan da suka zo taya shi har suka ƙulla za su tsere su bar shi ranar gumurzu.

Labarin bai ƙare nan ba. Mashin ya zama jari a hannun Raimon na Tulus, abokan hamayyarsa kuwa suka riƙa yi masa ba'a. Bitrus ya ci gaba da kawo mafarke-mafarke, kowanne kuma sai ya dace da abin da ɓangarensa yake so. Da shakka ta yi yawa sai ya ce a gwada shi da wuta. Ranar 8 ga Afrilu 1099, a wajen garin Arƙa, aka tara itacen zaitun tsibi biyu aka bar siririyar hanya tsakaninsu, aka cinna wuta, ya ratsa riƙe da mashin. Ya fito da rai, bayan kwana goma sha biyu ya mutu. Masu ƙaryata shi suka ce ƙuna ce ta kashe shi. Masoyansa suka ce a'a, ya fito lafiya lau, jama'a ce ta danne shi wajen neman tabarruki ta karya masa baya. Ko wuta ba ta raba gardamar ba.

Yanzu sai wasan. Ga wanda bai sani ba, akwai wani irin wasa da Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da shi a Amurka a 1974 mai suna Dungeons & Dragons, daga gare shi ɗaruruwa suka tsiro. Ni ina kiransa wasan shiga rigar wani. Mutum huɗu ko biyar za su zauna kewaye da tebur, kowa ya ɗauki mutum guda na cikin labari, da takardar da aka rubuta ƙarfinsa da basirarsa da kayan hannunsa cikin lambobi. Mutum ɗaya, wanda muke kira madugu, shi ke riƙe da sauran duniyar: ya ce ga ku a ƙofar gari, ga mai gadi ya tare ku, me za ku yi? Kowa ya faɗi abin da nasa mutumin zai yi. In abin mai yiwuwa ne ya ci ko ya faɗi, sai a jefa ɗan lido ya raba. Tatsuniya ce dai, sai dai masu sauraro su ne Gizo da Ƙoƙi, kuma ko mai bayarwa bai san ƙarshenta ba.

Irin wannan wasa kullum yana buƙatar abin da za a fita nema, mai daraja, guda ɗaya tak a duniya, wanda mugu ma yake nema. Mashin Lonjinus kamar don haka aka ƙera shi. Marubutan Turai sun riga sun share hanya tun ƙarni na 12, lokacin da Kiretiyan na Turwa ya sa wani mashi mai ɗigar jini cikin labarin jarumi Farsibal, waɗanda suka biyo bayansa suka ce ai na Lonjinus ne, yana yin rauni kuma shi kaɗai yake warkar da raunin da ya yi.

Sai dai ba daga nan yawancin masu wasa suka ɗebo nasu ba. Sun ɗebo ne daga wani littafi na Trevor Ravenscroft da ya fito a farkon shekarun 1970, The Spear of Destiny. Shi ne ya baza zancen cewa duk wanda ya riƙe mashin Biyana zai mallaki duniya, wanda ya kuɓuce masa kuwa zai mutu, cewa Hitila ya ƙwallafa rai a kansa tun yana matashi, kuma wai sojan Amurka sun kama mashin a ranar da Hitila ya kashe kansa. Gaskiyar da ke ciki kaɗan ce. Hitila ya sa an kwashe kayan sarautar daga Biyana zuwa Nurambag a 1938, duka ba mashin kaɗai ba, Amurkawa kuma suka mayar da su a 1946. Nurambag ta faɗi ranar 20 ga Afrilu 1945, kwana goma kafin mutuwar Hitila. Ravenscroft ya ce ya ji labarinsa daga bakin wani masani, Walter Stein, wanda ya mutu a 1957, daga baya kuma ya amsa cewa bai taɓa haɗuwa da mutumin ido da ido ba, ta hanyar mai kiran ruhohi suka gana! Duk da haka na sha jin ɗalibai masu ilimi suna maimaita zancen kamar daga littafin tarihi suka karanto shi. Wannan yana ba ni haushi, domin abin da ƙaryar take yi shi ne ta mai da kisan miliyoyin mutane aikin tsafi, ta sauke wa waɗanda suka shirya shi da hankalinsu nauyin da ke wuyansu.

Daga wannan rijiya aka sha. A 1992 kamfanin id Software ya fitar da wasan kwamfuta na harbi da sunan littafin sak, inda ake kutsawa sansanin 'yan Nazi a ƙwato mashin. A tebur ma haka: madugu ya buɗe takarda ya rubuta, mashi mai tsarki, yana ƙara lamba kaza a kan suka, yana huda kowane sulke. Da zarar an yi haka, an gama da shi. Ya zama bindiga mai tsada. Mai wasa ba zai tambayi kome ba sai nawa yake kashewa, in kuwa ya sami wanda ya fi shi lamba ya yar da shi. A duk tarihin da na kawo a sama, ka lura, ba a taɓa cewa an soki wani da mashin a fagen fama ba. Ɗaga shi ake yi a gani. Aikinsa a zukatan masu kallo yake, da masu gaskatawa da masu shakka da masu cin riba tsakaninsu.

Akwai wasannin da suka fahimci haka, kowanne ta fuskarsa. Pendragon, wanda Greg Stafford ya fitar a 1985 a kan jarumawan Sarki Ata, yana auna hali da lamba kamar yadda yake auna ƙarfi: gaskiya da yaudara, yafiya da ramuwa, tawali'u da girman kai, kowane biyu suna rabon maki ashirin. A irin wannan wasa abu mai tsarki jarrabawa ne, kuma jarumin da ya fi kowa iya sara yana iya zama wanda ya fi kowa nisa da shi. Ars Magica na 1987 ya ɗauki wata ƙa'ida, cewa a cikin wasan duniya tana nan yadda mutanen Turai na tsakiyar zamani suka yi imani da ita. Don haka abin tabarruki yana kare mai shi daga sihiri, shaiɗanu kuma suna gudunsa, masu wasan kuwa yawanci matsafa ne, watau su ne abin ya fi takura wa. Wasan Vampire: The Requiem na 2004 ya tafi wani wuri dabam, ya ƙago ɗariƙar matattu masu shan jini waɗanda suka ce Lonjinus ne shehinsu. Wannan ban so shi ba, kuma na san Kirista da yawa ba za su so shi ba, amma ko a nan marubutan sun bar zancen a matsayin abin da 'yan ɗariƙar suka yi imani da shi, wasu na musu.

Wanda ya fi burge ni daga Japan ya fito, Persona 2: Innocent Sin, wasan na'ura na kamfanin Atlus a 1999. A garin da labarin yake faruwa, duk jita-jitar da ta bazu sosai sai ta zama gaskiya. Mutane suka yi ta yaɗa cewa Hitila bai mutu ba, yana nan da runduna da mashin, sai kuwa ga shi ya bayyana. Mashin ma yana yin raunin da ba ya warkewa ne saboda shekara dubu biyu ana faɗin haka. Sun ɗauki ƙaryar Ravenscroft sun yi wasa da ita a matsayinta na ƙarya mai haɗari.

Ni da abokaina huɗu mun taɓa gwada abin da kanmu a lokacin wani dogon hutu, ni ne madugu. Na ajiye su a Antakiya cikin Yuni 1098. Ɗaya ya ɗauki barden Raimon, ɗaya magatakardan Bishop, ɗaya ɗan leƙen asirin Karbuƙa da ya saje da mutanen gari, ɗaya kuma maƙeri Ba'armeniye mai 'ya'ya uku. Mai riƙe da magatakarda Kirista ne, kuma tun kafin mu fara ya kafa mini sharaɗi biyu. Ya ce, "Madugu, kada kowa ya soki kowa da shi, kuma kada ka taɓa faɗa mana da bakinka ko na gaske ne ko na ƙarya." Na amsa. Ban rubuta wa mashin lamba ko ɗaya ba.

Da aka fito da ƙarfen daga rami, maƙerin ya ce zai matsa ya duba. Ya jefa ɗan lido ya ci. Na rubuta masa a 'yar takarda, shi kaɗai, cewa ƙirar ta yi kama da ta wani maƙeri da ya sani a unguwarsu, amma tsatsa ta ci shi, ba zai iya rantsuwa ba. Sai ya yi shiru ya daɗe. In ya faɗa, rundunar ta karaya, Karbuƙa ya shigo, kuma ba shi da tabbacin za a bar 'ya'yansa. In ya yi shiru, ya taya ƙarya a kan abin da addininsa yake girmamawa, ya kuma taimaki mutanen da suka kashe maƙwabtansa kwana goma sha ɗaya da suka wuce. Ya je ya raɗa wa magatakarda. Na zaci abokina Kirista zai kare mashin, sai ga shi shi ne ya fi kowa zafi a kan a tona, yana cewa Bishop ya yi shiru don siyasa, shi kuwa ba zai durƙusa wa ƙarfen da bai tabbatar ba. Barden ya zare takobi ya ce duk wanda ya buɗe baki kafin ranar yaƙi zai kwana a ramin da aka haƙa. Ɗan leƙen asirin, wanda ya kamata a ce tonon ya fi yi wa daɗi, ya lissafa ya ga gara Turawan su fito fili da ƙarfin zuciya a gama da su, da a yi ta zaman kewaye, don haka ya shiga yaɗa cewa shi ma ya yi mafarki.

Muka kai kusan sa'a uku a wannan gardama, ɗan lido yana ajiye, shayi ya huce. Maƙerin bai tona ba. Amma da muka kai ga ranar wuta a Arƙa, bayan mako biyu a zamanmu, ya roƙe ni in bar mutumin nasa ya bi rundunar har can, ya tsaya a bakin hanyar da tulun ruwa yana jiran Bitrus ya fito.